Gigin Tsufa Cuta Ce: Nasiha Ga 'Ya'yan Ƙasar Haɗejiya

Ya kai ɗana, matso ka ji. Daga Auyo zuwa Guri, daga Kirikasamma zuwa cikin birnin Haɗejiya, da wuya ka sami unguwar da babu tsoho ko tsohuwar da ake cewa ta rikice. Ta ci tuwo ta wanke hannu, sai ta ce an hana ta abinci. Ya idar da la'asar, sai ya sake tayar da ita. Sunan jikansa ya ɓace masa, amma yana ba ka labarin noman fadama tun kafin a gina madatsar Tiga a 1974. Mukan ce gigin tsufa ne mu kawar da kai, wasu kuma su ce sammu ne, ko iska, ko ma su jefi baiwar Allah da maita.

Ka sani, wannan cuta ce ta ƙwaƙwalwa, kuma ba kowane tsoho take kamawa ba. Ai ka san dattawan da suka haura tamanin, har gobe su ake kira idan rikicin iyakar gona ya tashi. Mafi yawan masu cutar, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, suna fama da nau'in da ake kira Alzheimer, sunan likitan Jamus da ya fara bayyana shi a 1906. A nan wasu sinadarai ne ke taruwa a ƙwaƙwalwa suna kashe ƙwayoyinta sannu a hankali. Nau'i na biyu daga jijiyoyin jini yake zuwa. Kai da ka ga yadda kachala ke toshe hanyoyin ruwa har gonar da ke can ƙarshe ta bushe, ba sai an yi maka dogon bayani ba: haka hawan jini da ciwon suga ke lalata ƙananan jijiyoyi, sashen ƙwaƙwalwar da jini bai kai masa ba ya mutu. Shi ya sa wanda ya yi shanyewar ɓarin jiki yakan biyo da mantuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ke da wannan cuta, duk shekara ana samun sababbi kusan miliyan 10, kuma sama da kashi 60 cikin ɗari suna ƙasashe irin namu ne. A Ibadan, binciken da aka wallafa a 1995 ya samu kimanin kashi 2 cikin ɗari na masu shekara 65 zuwa sama, alhali baƙaƙen fata na Indiyanafolis a Amurka sun kai kashi 8. A Zariya, binciken 2011 ya samu kusan tsofaffi uku cikin ɗari. Kada ƙanƙantar adadin ta ruɗe ka. Wani nazari na 2019 ya ƙiyasta cewa masu cutar a Nijeriya sun tashi daga kimanin 63,000 a 1995 zuwa fiye da 318,000 a 2015, kuma mata sun fi maza.

Shekaru da gado ba sa hannunka, sai ka bar wa Allah. Amma kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024, ya ce da za a kauce musu, da kusan kashi 45 cikin ɗari na cutar an hana shi ko an jinkirta. To, ga naka rabon.

Ka auna jininka tun kana ɗan arba'in, kada ka jira jiri ya kayar da kai a gonar shinkafa. Idan an ɗora ka a kan magani, kada ka daina don ka ji sauƙi. Ka ce wa uwargida ta sassauta gishiri da dunƙule, wannan kuwa har ƙodarka zai taimaka, ka kuma san yadda ciwon ƙoda ya addabi yankin nan. Ka bar sigari. Idan za ka hau babur ka sa hular kwano, domin buguwar kai tana barin tabon da sai tsufa yake bayyana. A fitar da murhu inda iska ke kaɗawa, hayaƙin itace ba abokin zama ba ne. Ka sa 'ya'yanka makaranta, mata da maza, don ƙwaƙwalwar da ta sha karatu ta fi jure tsufa. Idan kunnen mahaifinka ya yi nauyi ko yanar ido ta rufe masa gani, ka kai shi a duba. Wanda ba ya ji ba ya gani yakan janye daga majalisa, kaɗaici kuwa yana gaggauta mantuwa.

Idan kuma cutar ta riga ta shigo gida, ka fara da Babban Asibitin Haɗejiya, in ta kama a tura ku Asibitin Malam Aminu Kano. Wata mantuwar daga ciwon damuwa take, ko ƙarancin sinadarin B12, kuma tana warkewa. Ita Alzheimer har yau ba a samo maganin da ke warkar da ita ba, don haka kada wani ya cinye maka kuɗin alkama da alkawarin ƙarya.

Ka tuna mu mutanen bakin ruwa ne. Mai wannan cuta yakan fita da yamma wai zai tafi gida, alhali yana cikin gidansa. Da damina kada a bar shi shi kaɗai, a sanar da maƙwabta halin da yake ciki. Idan ambaliya irin ta 2020 da 2022 ta tilasta ƙaura, a haɗa shi da fuskar da ya saba da ita, don baƙon wuri yana ƙara masa ruɗewa. Kada ka yi musu da shi, kada ka bari yara su maishe shi abin dariya, kada a ɗaure shi. Kada kuma ka jibge wa matarka ko ƙanwarka jinyar kai kana majalisa. Ku raba kwana, ku raba kuɗin magani.

Iyayen nan sun yi haƙuri da kai lokacin da ba ka san sunan kowa ba, yanzu bashin ya zo biya. Allah Ya ba mu ikon sauke shi, Ya sa mu tsufa da hankalinmu, amin.