Haƙurin Kaka: Wa Ya Amfana?

Ƴan uwa ɗalibai, ku tsaya mu dubi kalmar "haƙuri". Wanda ya taka ka a kasuwa zai ce maka "yi haƙuri". Mai gaisuwar mutuwa zai ce "sai haƙuri". Almajiri ya tsaya ƙofar gida, babu abin ba shi, shi ma "yi haƙuri" za a ce masa. A duk wuraren nan uku, mai faɗa ba ya fitar da ko dala, mai ji ne ke ɗaukar kaya. Hatta a ban haƙuri, wanda aka cuta shi ake ba aiki. Ni ɗalibin ilimin harshe ne, irin wannan abu yana hana ni barci.

To da kalmar nan muke yabon tsofaffinmu mata idan sun rasu. Kakata, wadda ta haifi babana, ta rasu bara a Matameye tana da shekara tamanin da ɗoriya, kuma duk wanda ya shigo gaisuwa abu ɗaya yake cewa: mace ce mai haƙuri. Gaskiya suka faɗa. Ita ba ta ƙidayar shekaru da lamba, da yunwa take ƙidaya: farin 1973, da ƴar Buhari ta 1984 lokacin da Najeriya ta rufe iyaka hatsi ya yi wuyar shigowa ta Ɗan Barto, sai ta 2005. Ta haifi tara, ta binne huɗu. Da kuɗin man gyaɗa da ƙuliƙuli ta riƙe babana a lakwal. Duka wannan muka dunƙule cikin kalma guda muka shafa fatiha.

Ba raina haƙuri nake ba. Addini ya yabe shi, har Baturen nan Kirk-Greene, a littafinsa na 1974 kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, ya jera shi cikin halayen kirki. Abin da ke damuna shi ne mun haɗa iri biyu mun ba su suna ɗaya. Akwai haƙuri da abin da Allah ya saukar, kamar fari ko mutuwar ɗa. Wannan babu wanda za ka kai ƙara. Akwai kuma haƙuri da abin da mutane suka yi maka. An sayar da awakin kakata ba da saninta ba, an biya bashin wani. Rabonta na gonar ubanta, ƴan uwanta maza suka yi ta noma shi har ta tsufa. Idan waɗanda suka ci moriyar shirunta su ne kan gaba wajen yabon shirun, wallahi yabon yana da wari.

Ku tuna watan Oktoba na 2013, da mutum 92 suka mutu da ƙishirwa a hamada bayan sun bar Arlit za su Aljeriya, mafi yawansu mata da yara daga yankinmu na Kance. Na sha jin ana cewa matan da ke wannan tafiya ba su da haƙuri. Ban goyi bayan kai yara bara ba, ko kusa. Amma abin da ya zaunar da kakata gaban kaskon suya shi ne ya hau da su mota: bakin yara. Wadda ta zauna ba ta dami kowa ba, sai muka yabe ta. Wadda ta tafi ta tona asirin rumbun da babu kome ciki, shi ya sa muka ji haushinta. Yaran da aka bari gida kuwa, kakanni ne suka goya su.

Kuma fa tsohuwar ba bebiya ba ce. Habaicinta ya fi bulala zafi, kishiyarta shaida ce. Abin da bakinta bai taɓa furtawa ba shi ne sunan mijinta da na babana, ɗanta na fari, saboda alkunya. Mu ma ba mu kiran nata, "Iya" kawai muke cewa. Sai da na kai shekara goma sha biyar na san sunanta na yanka, shi ma a katin zaɓe na gani, kuma an rubuta shi da kuskure.