Zomon Ƙanƙara da Burtuntuna

A birnin Zazzau, idan aka ce mutum yana sauya launi, an zage shi ke nan. Amma anya duk sauya launi ne munafunci?

Akwai wani zomo a dazuzzukan Kanada. Da bazara gashinsa ruwan ƙasa ne, idan hunturu ya gabato sai ya rikiɗe fari fat, ya saje da ƙanƙara don kada kyanwar daji ta gan shi. Ɓuya yake yi, ba shakka, amma ɓuyarsa ba ta rage wa kowa abinci ba. Fari ko ruwan ƙasa, zomo ne dai, ganye da ɓawon itace yake ci.

Sai mu dawo gida, gonakin dawa na bayan Ƙofar Gayan. Kowane manomi ya san burtuntuna. Ita naman gwari ce ƙanƙanuwa, ƙurarta na manne wa iri tun wajen sussuka. A shuka ta tare da shi, su tsira tare, ta bi cikin kara ta hau. Duk damina dawar kore shar, har maƙwabta na sa albarka. Sai zangarniya ta fito, a tarar da baƙin gari a gurbin ƙwaya. Shi ya sa malaman gona na Samaru suke cewa a gauraya iri da magani kafin shuka, domin ranar da ta bayyana, magani ya makara.

To, wane ne munafuki a cikinsu? Wanda ya sauya riga kowa na gani, ko wadda ba ta sauya komai ba sai cikin mai masaukinta?

Mu kan tsangwami yaron da ya je karatu wata ƙasa ya dawo da sabuwar shiga. Amma mu kan yi wa wani shimfiɗa a zaure saboda rawaninsa irin namu ne, alhali gadon marayu ke narkewa a hannunsa. Kakanninmu sun gina ganuwa don maƙiyin waje. Burtuntuna kuwa ba ta bin ƙofa, cikin rumbu take kwana.

Zomon ma da nasa haɗarin. Tsawon yini ke sa shi sauya gashi, ba saukar ƙanƙara ba. Yanzu da duniya ke ɗumama, ƙanƙara kan makara, sai ga shi fari a kan baƙar ƙasa, a idon kowa.

Don haka kafin mu tuhumi mutum da sauya launi, mu fara tambaya: wa ya kwana da yunwa saboda sauyin nasa?