Me Ƙararrawarmu Take Faɗa wa Maƙwabci?

Karatu: 1 Korantiyawa 13:1-7

Ya kai mai karatu, in ka kwana a Sokode, a tsakiyar ƙasar Togo, kiran salla ne zai tashe ka da asuba, gama yawancin mutanen garin Musulmi ne, Kotokoli da Hausawan zango. A cikin garin nan kuma akwai babbar majami'ar Katolika ta Tsarkaka Teresa, mazaunin dayosis da aka kafa a 1955. In ka bi babbar hanya zuwa arewa har kusa da iyakar Burkina Faso, za ka iske Dapaong, garin Moba, wanda ya sami nasa dayosis a 1965. A garuruwan nan biyu Kirista da Musulmi da masu addinin gargajiya kasuwa ɗaya suke ci, sau da dama katanga ɗaya ce tsakaninsu.

A irin wannan zama, ƙararrawar coci ba ta tambayar addinin mai gida kafin ta shiga ɗakinsa. A al'adar Katolika akan buga ta da ƙarfe 6 na safe, 12 na rana da 6 na yamma, domin tunawa da saƙon da mala'ika ya kawo wa Maryamu. A ƙauyuka da yawa tsohon ƙarfen ƙafar mota ne ake ratayewa a bishiya, katikis ya doka shi. Ko wacce iri ce, ƙararta takan iske mai jego da ta yi daren raino, da marar lafiya da barci ya ɗauke shi yanzun nan, da dattijon da ba zai taɓa taka ƙofar coci ba.

To, daidai ne mu tashi mutumin da bai roƙe mu ba? Wani zai ce, ai mu ma muna haƙuri da lasifikarsu, an yi kunnen doki. Gaskiya ne, zaman tare haƙuri ne. Amma mai bin Yesu ba ciniki yake yi da maƙwabcinsa ba. Duk lokacin da maƙwabci ya jure ƙararrawarmu, bashi muka ci, kuma ba da wata ƙara ake biyansa ba.

Ka duba, ɗan'uwa. Ƙararrawa takan gaya wa unguwa duka cewa ga mutanen Allah za su taru. Wanda ya ji kuwa zai zuba ido ya ga waɗanda za su fito. In matar da ta amsa kiran da safe ita ce mai tauye mudu a kasuwa, in dattijon coci ne ya ci iyakar gonar gwauruwa, me ƙararrawar ta shaida? Hausawa sun ce gani ya kori ji. Manzo Bulus ya kwatanta mai baiwar magana marar ƙauna da ƙarfe mai ƙara kawai. Ƙararrawa ba ta da zuciya, ba ta da laifi. Mu ne aka ba zuciya.

Akwai kuma darasi a shirunta. A cocin Katolika ba a buga ta daga daren Alhamis Mai Tsarki sai daren Ista, domin tunawa da shan wuyar Almasihu. In ƙarfe ya san lokacin yin shiru, mu fa? Gajarta bugu saboda maƙwabci na jinya ba kunyar bishara ba ce, ita ce bisharar.

Ran Lahadi in ka ji ta, ka tuna ba kai kaɗai ka ji ba. In akwai maƙwabcin da kuke gaba, ka fara biyawa ta ƙofarsa ka yi sallama.

Addu'a: Ya Ubangiji, ka sa halinmu ya gaskata abin da ƙararrawarmu take shela, domin maƙwabtanmu su ga ƙaunarka a cikinmu. Cikin sunan Yesu, Amin.