Shirun Manya da Tsoron Yara

A ƙasar Adar, in masifa ta auku, akwai maganar da ke saurin fitowa daga bakin manya: "Ƙyale shi, yaro ne, zai manta." Da kyakkyawar niyya ake faɗinta, gudun kada a fama wa yaro miki. Amma ya kamata malamai da ƙungiyoyin raya al'adu su tsaya su auna ta. Shin wannan shiru jinƙai ne, ko kuwa barin yaro ne da kayan da suka fi ƙarfin wuyansa?

Tarihin jahar Tawa ya isa shaida cewa yaro ba ya mantawa. Kowace babbar yunwa da sunanta, tun daga Kakalaba ta 1913 zuwa El-Buhari ta 1984. Da yawa daga masu ba da labarin El-Buhari a yau yara ne a wancan lokaci. Sun haura shekara arba'in, amma ba su manta rumbun da ya ƙare ba, ko ranar da aka kai akuyar ƙarshe kasuwa. Haka ma waɗanda aka goya a yunwar 2005, wadda ta biyo bayan ƙarancin ruwan sama da farin dango na 2004: su ne samari da iyayen yanzu.

Daga baya wata masifa ta zo da sabuwar kama. Ran 6 ga Oktoba 2016, ƴan bindiga suka kashe sojoji 22 da ke gadin ƴan gudun hijirar Mali a Tazalit. Ran 21 ga Maris 2021 kuma, mahara a kan babura suka auka wa Intazayen da Bakorat da wasu zangon makiyaya na gundumar Tiliya, a arewa da Adar, gwamnati ta ce mutum 137 suka rasu, cikinsu har da yara. Yunwa ba ta da fuska, yaro yana iya ɗaukar ta a matsayin hukuncin Allah a kan kowa. Ta'addanci kuwa da fuskar mutum yake zuwa. Darasin da yaro ke ɗauka daga gare shi shi ne cewa ɗan Adam abin gudu ne, alhali a kan yarda da mutane ake gina tarbiyya duka.

Masana ƙwaƙwalwa sun bayyana yadda abin ke aiki. In tsoro ya zo, jiki na sakin wani sinadari mai suna kortizol don mutum ya shirya gudu. In tsoron ya wuce, jiki ya huce. In kuwa ya daɗe wata da watanni, sai ya taɓa natsuwa da riƙe karatu da danne fushi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shi ya sa ake ganin yaro yana firgita cikin barci, ko ya koma fitsarin kwance, ko ya nemi maɓuya da jin ƙarar babur. A aji, malami yakan ɗauki wannan daƙiƙanci ne ko taurin kai, ya ɗauko bulala, ya ƙara tsoro a kan tsoro. Ƙaramin yaro kuma yakan zaci shi ne sanadin abin da ya faru. In ba a yi masa bayani ba, sai ya ƙirƙiro nasa, wanda sau da yawa ya fi gaskiyar muni.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Anna Freud da Dorothy Burlingham sun kula da yara a Landan ana ruwan bamabamai. Sun lura cewa rabuwa da uwa ta fi girgiza ƙananan yara bisa ga bamabaman kansu, kuma yaro yana auna girman hatsari ne daga fuskar babban da ke kusa da shi. Wannan ya shafi Adar ƙwarai, inda magidanta da dama ke tafiya ci-rani Abijan ko Libiya ko Najeriya. Uwa da kaka da malami su ne katangar yaro, saboda haka kwantar musu da hankali wani ɓangare ne na jinyarsa.

Mai ja zai ce al'ada ta ginu a kan haƙuri da kunya, addini kuma ya yi umurni da yarda da ƙaddara, don haka tone-tone ba shi da amfani. Maganar tana da nauyi, gama tilasta wa yaro maimaita abin da ya gani cutarwa ce. Sai dai haƙuri na wanda ya san abin da yake jurewa ne. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim, ya kuma tsaya ya lallashi yaron nan Abu Umair da tsuntsunsa ya mutu. In baƙin cikin yaro a kan tsuntsu ya cancanci kulawa, ina ga na wanda ya rasa uba?

Shiru yana da wani hatsarin. Gurbin da manya suka bari, jita-jita ke cika shi. Yaron da ba a gaya wa su wa suka yi ɓarna ba zai ji a bakin rijiya cewa ƙabila kaza ce, ya girma da ƙiyayyar Bafulatani ko Buzu ko Bahaushen da bai yi masa laifin komai ba. Irin wannan zuciya masu ɗaukar samari yaƙi ke nema.

Haƙƙin yaro a kan manya uku ne. A gaya masa gaskiya daidai shekarunsa, a kuma tabbatar masa ba laifinsa ba ne. A mayar masa da tsarin yini: allo da safe, aji, wasan dandali, tatsuniyar dare. Ambaliyar 2024, wadda ta sa aka ɗage komawa makaranta a Nijar zuwa 28 ga Oktoba, ta nuna saurin rushewar wannan tsari. A kuma ba shi hanyar amayar da abin da ke ransa, ta zane ko waƙa ko wasan kwaikwayo, fagen da ƙungiyoyin al'adu suka fi kowa ƙwarewa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, masifa ma a lokacin take tanƙwara shi in manya suka yi jinkiri.