Laifi Tudu Ne

Hausawa suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wanda ke tsaye bisa tudu ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin sawunsa, idonsa na can nesa. Karin maganar ta fi kama mai faɗin gaskiya, amma rabin da ya yi masa daɗi kaɗai.

A je ƙofar maigari a karkarar Cadakori, cikin Gidan Rumji, da kaka, kafin hukuma ta ba da ranar sakin gonaki. Manomi ya zo riƙe da zangarniyar gero da shanu suka tattake, yana lissafin damman da ya rasa. Gaskiyarsa. Sai dai ba zai faɗi cewa kowace damina yana ƙara kunya ɗaya ko biyu cikin burtali ba, har hanyar garke ta koma ta jaki. A wurinsa wannan ba cin iyaka ba ne, ƴaƴa ne suka yi yawa, gona ta yi kaɗan. Makiyayi kuwa zai nuna burtalin da aka nome da mashayar da aka kewaye da shuka. Shi ma gaskiyarsa. Amma yaron da ya bar wa sanda cikin dare, barci ya kwashe shi, wannan ya zama tsautsayi. Kowa nasa kuskure ne mai dalili, na ɗan'uwansa ko ganganci.

Jahar Maradi ta san inda irin wannan awo ke kaiwa. A Toda, cikin watan Oktoba na 1991, ana tsakiyar taron ƙasa a Yamai, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, akasari mata da yaran Fulani. Waɗanda suka ɗauki makami ranar nan, su ma suna ganin su aka zalunta.

A 1993 aka kafa dokar tsarin karkara, aka samar da kwamitocin filaye, aka kakkafa alamun siminti a bakin wasu burtulla. Ya taimaka. To amma siminti ba ya hana hauyar wanda ya riga ya wanke kansa.

Masu sasanci, in aka kawo ƙarar ɓarna, a sa manomi ya taka burtali ya auna, a sa makiyayi ya shiga gona ya ƙirga kara, sannan a yanke diyya.