Ina Ma'ana Take Zaune a Cikin Kwamfuta?

A ɗauki jerin nan: 01000001. Gurabe takwas ne a ma'adanar kwamfuta, biyu a kunne, shida a kashe. Idan an karanta shi a matsayin adadi, 65 ne. Idan an karanta shi da tsarin haruffa na ASCII, babban baƙin A ne. A cikin hoto marar launi, ɗigo ne mai duhun toka. Babu abin da ya sauya a jikin guraben a duk waɗannan karatu, kuma duk binciken da za a yi wa wutar da ke cikinsu ba zai nuna wanne ne na gaskiya ba. To ina ma'anar take? Ra'ayina shi ne ba ta cikin guraben, tana cikin yarjejeniyar da ke tsakanin wanda ya ajiye da wanda zai karanta, kuma wannan bai rage mata gaskiya ko kaɗan ba.

Masu ƙera tafintan harsunan manhaja sun fi kowa sanin wannan, domin dole su warware shi kafin komai ya yi aiki. Tafinta yana bin umarni ɗaya bayan ɗaya, kuma idan ya tarar da umarnin haɗa abu biyu, sai ya san ko adadi ne zai tara ko rubutu ne zai jona. Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, ya zaɓi hanya mai tsada amma bayyananniya. A babban tafintansa, kowace ƙima tana ɗauke da kai mai abu biyu: ƙirgen wuraren da ke riƙe da ita, da manuni zuwa ga nau'inta. Shi ya sa lamba 1 kaɗai take cin bait 28 a kwamfutocin yau, alhali adadin kansa bai buƙaci ko bait ɗaya cikakke ba. Mafi yawan wurin ya tafi wajen faɗin mene ne abin. Lua, wanda aka ƙirƙira a Birazil a 1993, yana ajiye ƙima da ƙaramin tambari a gefenta. Wasu tafintan JavaScript kuwa sun yi dabarar da ta fi ba ni sha'awa. Ƙa'idar IEEE 754 ta 1985 ta ware wasu jeruka masu bit 64 da ma'anarsu ita ce "wannan ba lamba ba ce", kuma jerukan sun fi abin da ake buƙata yawa nesa ba kusa ba. Sai suka cusa tambarin da ƙimar a cikin wannan fili da ya saura. Hanyoyin sun sha bamban, amma babu ɗaya da ya iya barin ƙima tsirara ba tare da abin da zai siffanta ta ba.

Wanda ya karanta ilimin tauhidi a zaure zai ji wannan ba baƙo ba ne a kunnensa. Malaman Ash'ariyya sun ce jauhari ba ya wofinta daga aradi, wato babu wani abin halitta da ke tsaye ba tare da wani hali ba, na motsi ko natsuwa, na haɗuwa ko rabuwa. Ba na cewa kwamfuta ta tabbatar da maganarsu, don sun yi ta a kan halitta ne gaba ɗaya, da hujjoji irin nasu. Amma injiniyan da bai taɓa jin sunansu ba ya ci karo da ƙanwar matsalar: abin da babu siffa tare da shi, ba a iya yin komai da shi, ba a ma iya cewa ga abin da yake.

Mai ja zai ce ai harshen C ba ya ɗora wa ƙima tambari, kuma manhajojinsa suna aiki lafiya. Haka ne, sai dai nau'in bai ɓace ba, wuri ya sauya. Mai rubutu ya faɗe shi tun farko, mai harhaɗa manhajar ya zaɓi umarnin da ya dace da shi, sannan ya yar da tambarin saboda an riga an gina shi cikin aikin.

Ja na biyu ya fi nauyi. Idan ma'ana yarjejeniya ce kawai, ashe wutar ce gaskiya, ma'anar kuwa tunaninmu ne muka lulluɓa mata. A nan ne na fi rabuwa da masu wannan ra'ayi. Duk mai rubuta Hausa a kwamfuta ya taɓa ganin ƙ ta rikiɗe ta koma Æ™ a allon wani. Dalilin shi ne tsarin UTF-8 yana ajiye ƙ da bait biyu, 198 da 153, sai wata manhaja ta karanta su ɗai-ɗai da tsohon tsarin Windows na harsunan Yammacin Turai. Ko bit ɗaya bai lalace ba a hanya, amma kowa ya san karatun kuskure ne, kuma ba za a iya kiransa kuskure ba sai idan akwai karatun da yake daidai, wanda mai rubutun ya nufa. A ranar 4 ga Yuni 1996 rokar Ariane 5 ta tarwatse ƙasa da minti ɗaya bayan tashinta daga Kourou, saboda an yi ƙoƙarin mayar da wata lamba mai bit 64 zuwa gurbi mai bit 16 da ba zai ɗauke ta ba. Na'urar da ke wannan lissafi ta gaza, ta aika bayanin gazawarta, kwamfutar da ke tuƙi ta karanta shi a matsayin bayanin tafiya, ta karkatar da rokar. Abin da saɓa masa ke kakkarya ƙarfe a sama ba za a kira shi ruɗu ba. Takardar kuɗi ma takarda ce da tawada, amma ranar da aka daina karɓarta, mai riƙe da ita ya san abin da ya rasa ba takardar ba ce.

Saura ja na uku, wanda shi ne ya fi cancantar tsayawa. Tambarin da ke cewa "wannan adadi ne" shi kansa jerin bit ne. Wa ya faɗi ma'anarsa? Idan wani tambari ne, shi kuma wa ya faɗi tasa? Malaman tauhidi suna kiran wannan tasalsuli, jerin da ba shi da farko, kuma sun ƙi shi tare da ɗan'uwansa dauri, inda abu ke jingina da abin da ke jingine da shi. Python ya nuna matsalar a fili: nau'in 5 shi ne int, nau'in int shi ne type, nau'in type kuma type ɗin ne da kansa. A ido wannan dauri ne tsantsa. Amma tafintan bai taɓa bin wannan zagaye don ya gano abin da zai yi ba. Yana duba manunin, ya tafi kai tsaye ga aikin da aka rubuta masa da C, wanda aka mayar umarnin na'ura, wanda ƙwaƙwalwar na'urar ke aiwatarwa saboda haka aka shimfiɗa wayoyinta. A wannan mataki babu sauran tambari, sai wuta da ke bin hanyar da aka yanka mata. Mai jayayya zai ce to ga shi an dawo ga wuta. Amma wutar ba ta bambance hanyar da ke ba da jimla daidai da wadda ke ba da kuskure, duka biyun za ta bi ba tare da tangarɗa ba. A 1994 an gano wani samfurin ƙwaƙwalwar na'ura mai suna Pentium yana kuskure a wasu lissafin rabawa, har kamfanin Intel ya maye wa mutane da sababbi. Na'urar ba ta karya wata dokar lantarki ba. An ce ta yi kuskure ne don ta saɓa wa abin da maƙeranta suka nufa da rabawa, kuma da wannan nufi aka auna ta, aka same ta da rashi.