Sunayen Wariya A Bakin Musulmi

 

'Yan'uwa Musulmi, dattawanmu ba su manta da mulkin wariyar launin fata da Turawan Afirka ta Kudu suka kafa a 1948 ba. Ginshiƙin mulkin nan suna ne. Dokar 1950 ta kasa jama'a kashi-kashi, aka laƙa wa kowa nasa, sunan kuwa shi ke yanke inda mutum zai zauna da wadda zai aura. Da mulkin ya rushe a 1994 duk muka yi murna.

To, mu waiwayo gida. Daga Lahodu zuwa Wurno, Rabah da Goronyo, har yau akwai kalmomin da ba su mutu ba: bawa, dimajo, bacucane, ɗan rinji. Doka ta 'yanta duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris 1901, aka kuma soke bauta a Arewa a 1936. Amma bari saurayi ya aika neman aure, ka ji an koma zaure ana raɗa, wai a binciki asali. Sallarsa da sana'arsa ba su aka tambaya ba, kakan kakansa ake tono. Da wane baki muka zagi Turawan can?

Aya ta 11 cikin Suratul Hujurati ta hana tanabuzi, watau jifar juna da laƙabin da mai shi ke ƙi. Buhari ya ruwaito cewa Abu Zarri ya goranta wa wani mutum uwarsa, malamai suka ce Bilalu ne, sai Manzon Allah (SAW) ya shaida masa akwai sauran jahiliyya tare da shi. Abu Zarri fa, sahabi guda! Har a zamanin da bauta ke nan, an hana ubangida ya ce abdi ko amati, sai dai fataya da fatati, watau yarona da yarinyata. In mai riƙe da bawa bai sami izinin kalmar ba, ina ga wanda bai taɓa mallakar kowa ba?

Masu kafa hujja da kafa'a, watau dacewar ma'aurata, su koma littattafan Malikiyya: addini ake dubawa da kuɓuta daga aibin da ke sa a mayar da aure, nasaba ba sharaɗi ba ce. Annabi da kansa ya umurci Faɗimatu 'yar Ƙaisu, Baƙuraisha, ta auri Usamatu, ɗan Zaidu 'yantaccen bawansa, ta kuwa aure shi ta ji daɗin zaman.